Wa Ke Zaɓa Mana Cutar da Za a Bincika?

Shekara 11 na yi ina aiki a ɗakin kati na wani babban asibiti da ke karkara. Ɗaki ne mai taga ɗaya, kantoci har rufi, fayil kan fayil an ɗaure su da igiya, na ƙasa gara ta soma ci ta gefe. Duk wanda ya kwanta a asibitin, ko ya fita da ƙafarsa ko an fita da shi a makara, a hannuna labarinsa yake ƙarewa. Ban karanta likitanci ba, amma wanda ya daɗe yana jera katin marasa lafiya yakan san shekara kamar yadda manomi ya san ta. Da an fara sharar gona masu saran maciji za su soma shigowa, su yi yawa da damina, su sake yin yawa da kaka. Bazara ta sanƙarau ce da ƙyanda. Akwai kuma waɗanda ba su da lokaci, kullum suna tafe: matan da ke dawowa wata biyu ko uku bayan haihuwa, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama, barci sai a jingine da bango.

Masu bincike ma wurina suke zuwa, don ba a taɓa fayil sai ta hannuna. Su zo da wasiƙa mai hatimi da kwamfuta a jaka, su ce in fito musu da katin masu ƙanjamau, ko masu tarin fuka, ko matan da suka karɓi maganin tazarar haihuwa. Ina fito musu da shi da zuciya ɗaya, domin waɗannan ma al'amuranmu ne. Wata rana dai na kasa haƙuri, na tambayi wani matashin likita mai ladabi. Na ce, "Likita, ga kantar can ta masu saran maciji ta cika maƙil, ba wanda ya taɓa cewa in sauko masa da ita. Kai me ya hana ka?" Ya ɗaga kai ya dubi kantar, ya ce, "Baba, wallahi na sani. Amma waɗanda suka ba da kuɗin ba wannan suka ce a duba ba."

Bai yi ƙarya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma tun ranar nake juya maganar a raina, kuma ga inda na tsaya: tambayar da za a kashe kuɗi a bincika, daga irin kantocin ɗakina ya kamata ta fito, kuma bincike bai kammala ba sai amsarsa ta dawo wurin mutanen da aka ɗebi jininsu, cikin harshen da suke ji. A yadda muke yanzu, tambaya daga nesa take zuwa mana, amsa kuma nesa take tafiya.

Bari in tsaya a kan macijin nan, don shi na fi sani, kuma har gidanmu ya shigo. Kububuwa ce, wadda mutanenmu ke kira gobe da nisa. Ba ta da girma, tsawonta kamu ɗaya ne ko da 'yar ɗoriya, launin ƙasa da ɗige-ɗige, in ta lafe a ƙarƙashin karmami ba ka ganinta. Ɗan yayana, lokacin yana da shekara 16, ya sa hannu zai ɗaga damin harawa ta sare shi a bayan hannu. Aka yi abin da aka gada. Aka ɗaure damtsen da tsumma tamau, aka tsaga wurin da reza, aka manna baƙin dutse, aka ba shi jiƙo ya sha ya yi ta amai. Sai washegari da yamma aka kawo shi a kan babur, hannu ya kumbura har kafaɗa, jini na tsattsafowa daga dasashinsa, tsagar rezar kuma ta ƙi tsayawa.

Ina tsaye nas ta ɗebi jininsa kaɗan, ta zuba a 'yar kwalbar gilashi busasshiya mai tsabta, ta ajiye a kan tebur, ta dubi agogo. Da minti 20 ya cika ta karkata kwalbar. Da jinin lafiyayye ne, da ya daskare ya zama guda. Nasa gangarowa ya yi kamar ruwan zoɓo. Ta ce, "Dafin ya shiga jini, sai allura." Allurar kuwa babu ita a asibitin. Muka saya a waje da kuɗin awaki biyu, aka yi masa, bayan awa 6 aka sake gwadawa, jinin yana nan tsinkakke. Sai wani tsohon ma'aikaci ya karanta takardar da ke cikin kwalin, ya ce da dafin macizan Indiya aka haɗa wannan, ba ta san kububuwarmu ba. Cikin dare muka ɗauki shatar mota zuwa Kaltungo a Jihar Gombe, inda ake jinyar masu saran maciji. Can aka yi masa wadda ta dace, jininsa ya dawo daidai. Ya rayu, alhamdulillahi, amma yatsunsa biyu sun ƙage, har yau ba ya iya dunƙule hannun.

Abin da ya fi ci mini rai, da na zo ina karantawa daga baya, shi ne duk abin da ya same mu babu sabo ko ɗaya a wurin masana. Gwajin nan na minti 20, a ƙasar nan aka fito da shi. Wani likita Bature, David Warrell, shi da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, su suka yi nazarin saran kububuwa a shekarun 1970, suka bayyana yadda dafinta ke hana jini daskarewa, suka buga a 1977. An san cewa in ba a yi magani ba, cikin mutum 100 da ta sara 10 zuwa 20 na iya mutuwa, in kuwa an sami allura tagari adadin kan sauko ƙasa da 2. An kuma san illar allurar da ba ta dace ba. A wani asibitin karkara a Gana, da aka sauya zuwa wata allura da aka kawo daga Indiya, masu mutuwa suka tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin 100, an buga wannan tun 2008. Duk da haka, sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da saran maciji a sahun gaba na cututtukan da aka yi watsi da su. Shekara 40 cif bayan aikin Zariya. Alhali ita kanta hukumar ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara a duniya, kuma kusan ninki uku na haka ake yanke wa gaɓa ko su naƙasa. Ana cikin wannan jira ne ma kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin Fav-Afrique a 2014, allurar da ƙasashen Afirka da dama suka dogara da ita, saboda masu arha sun kore ta daga kasuwa. Wa'adin kwalbar ƙarshe ya ƙare a 2016.

Dalilin bai ɓuya ba. Manomi maciji yake sara, da makiyayi, da yarinyar da aka aika neman icce. Dafinsa ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, balle ya hau jirgi ya sauka a Landan ko Faris, don haka ba ya hana masu kuɗin duniya barci. Wanda ya sara kuma ba shi da abin sayen magani mai tsada, don haka kamfani ba ya hango riba. Ba maciji kaɗai ba ne. Tun a 1990 wani kwamiti na duniya kan binciken lafiya ya lissafa cewa daga cikin kusan dala biliyan 30 da aka kashe a 1986, kashi 5 cikin 100 kawai ya tafi ga matsalolin ƙasashe masu tasowa, alhali a can ne ake yin kashi 93 cikin 100 na mace-macen da za a iya kauce wa. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2002 ya ƙirga sababbin magunguna 1,393 da suka shigo kasuwa daga 1975 zuwa 1999, ya tarar 16 kacal aka yi domin cututtukan ƙasashe masu zafi da tarin fuka. Cutar nan mai zaizaye baki da fuskar yara, wadda ake kira noma, tana da asibiti sukutum a Sakkwato tun 1999, amma sai a Disambar 2023 ta shiga jerin hukumar na cututtukan da aka yi watsi da su, shi ma sai da Najeriya ta jagoranci neman.

To amma ba kuka na zo yi ba, domin na ga abin da ke faruwa in mu muka yi tambayar. Allurar da ta ceci ɗan yayana haka aka same ta. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ce da likitocinmu, irin su Dakta Abdulsalami Nasidi da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, suka haɗa kai da masana na Liverpool da Oxford, suka ce a yi mana allura da dafin macizanmu. Aka riƙa kama macizai a nan ana kai su Liverpool ana tatsar dafinsu, ana yi wa tumaki allurarsa a yankin Wales na Birtaniya, ana yi wa dawaki a Kosta Rika, daga jinin dabbobin a tace maganin. Aka sami EchiTAb iri biyu. Aka gwada su a Kaltungo a kan mutum 400, aka buga sakamakon a 2010: cikin awa 6 da allurar farko, ɗayar ta dawo da daskarewar jini ga kashi 83 cikin 100, ɗayar kuma kusan kashi 76. Baƙi sun taimaka ƙwarai, Allah Ya saka musu, amma tambayar tamu ce, marasa lafiyar namu ne, amsar kuma ta zauna a gida. Abin da ya rage, kuma yana damuna, shi ne har yau daga waje ake kawo allurar. Macijinmu ya tafi Turai ya dawo mana a kwalba, mu biya da dala, in kuɗi ya yanke allura ta yanke.

Sanƙarau ma shaida ne. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. A cikinta ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 200 ke cikin gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Wancan bincike ne da ya zo da tambayarsa a aljihu, kuma tabon da ya bari ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003. Ka kwatanta shi da aikin da aka fara a 2001 na neman rigakafin sanƙarau nau'in A. Kafin a fara, sai da aka tambayi jami'an lafiya na ƙasashen Sahel, har da na Nijar, suka ce rigakafin da ya wuce rabin dala ba za su iya saye ba. A kan wannan farashi aka gina aikin gaba ɗaya, aka nemo kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi shi. A Disambar 2010 aka fara MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta bi a 2011, nau'in A ya kusa ɓacewa daga yankin. Cuta ɗaya, ƙasa ɗaya, bambancin shi ne a na biyun an tambaye mu kafin a fara.

Sai matan nan masu kumburi bayan haihuwa, waɗanda ba na mantawa da su. Ciwon zuciya ne. A Turai da Amurka sai a haihu dubbai kafin a ga mace ɗaya mai shi. A Zariya kuwa, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun ba da rahoto a shekarun 1970 cewa kusan mace ɗaya ce cikin 100, suka danganta shi da wankan jego, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Shekaru da yawa a nan maganar ta tsaya. Sai da Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka sake dubawa, suka tarar da yawa daga cikin matan suna da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyam, sannan suka tattara bayanan marasa lafiya daga asibitoci a faɗin Najeriya, suka buga a 2020, ya nuna arewa maso yamma ce ta fi ko'ina yawan cutar. Wa zai taso daga wata ƙasa ya yi mana wannan tambayar, alhali a garinsu ba ya ganin matan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nan ne kuma laifin ya dawo kanmu. Ba za ka hana mai kuɗi zaɓar abin da zai kashe kuɗinsa a kai ba. Abin da za ka iya shi ne ka sa naka. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya kuwa shekara da shekaru tana yawo a wajen kashi 5. A Bamako a 2008 ministoci suka amince kowace ma'aikatar lafiya ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kasafinta domin bincike. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi kwamitin binciken lafiya, kuma cikin aikinsa har da fayyace abin da ya kamata a fifita. Takardu ba su yi mana kaɗan ba. Amma likitan da ya tsaya a ɗakina bai ce mini ma'aikatar lafiya ta jiharmu ce ta aiko shi ba, kuma a shekara 11 ban ga wanda ya ce haka ba. Da Amurka ta dakatar da tallafinta na waje a farkon 2025, kowa ya ga yadda ayyukan lafiya da yawa a Afirka suka tsaya cak. Wanda yake kwana a rumfar aro, ranar da mai ita ya zo kwashe karansa ruwa zai dake shi.

Kuma zaɓar abin da za a bincika ba abu ne mai tsada ba. A Ingila akwai wani tsari mai suna James Lind Alliance, tun 2004, da ke zaunar da marasa lafiya da masu jinyarsu da likitoci wuri ɗaya, su tace tambayoyinsu har su fitar da 10 da suka fi damunsu game da wata cuta, a miƙa wa masu ba da kuɗi. Me zai hana kowace jiha ta yi irinsa? A fito da rajistar asibitoci a ƙirga, sannan a zauna da manoma da makiyaya da ungozomomi da iyayen masu sikila da nas-nas na karkara. Na tabbata tambayoyin da za su fito ba za su yi kama da na wasiƙun da ake kawo mini ba. Manomi zai tambaya ko takalmin roba mai dogon wuya yana rage sara, kuma wane iri ne mutum zai iya jure wa a zafin gona. Nas za ta tambaya ko za a iya ajiye allurar maciji a ƙaramin asibitin da ba shi da wuta. Uwar miji za ta tambaya me za a bari me za a ci gaba da yi a jego. Daga nan sai asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu da ma'aikatun jihohi su ce kuɗinmu a kan waɗannan za su tafi, baƙon da ya zo da tallafi kuma a nuna masa jerin.

Wannan rabin magana ke nan. Ɗaya rabin shi ne me ke faruwa da binciken bayan an yi shi.

Duk likitan da zai zama ƙwararre a ƙasar nan, ko ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, sai ya yi bincike ya rubuta kundi. Haka masu digiri na biyu da na uku. Na taimaka wa da yawa, na kwana ina zaƙulo musu fayil. An yi aikin, an ɗinke shi da bango mai kauri, an ci jarrabawa, kundin ya hau kanta ya zauna. Wanda zai zo bayan shekara 5 bai san an yi ba, sai ya maimaita. Ba mu kaɗai ba ne, domin a 2009 masana biyu, Iain Chalmers da Paul Glasziou, sun ƙiyasta a Lancet cewa kusan kashi 85 cikin 100 na kuɗin binciken lafiya a duniya asara yake tafiya, kuma cikin dalilan akwai tambayar da ba ta dace ba, da kuma cewa kusan rabin bincike ba a taɓa buga shi cikakke. Amma mai arziki in ya zubar da rabin buhu yana da wani a rumbu. Mu ba mu da shi.

Wanda ya dage sai ya buga kuwa, ƙofa biyu ce a gabansa. Ko mujallar da ke karɓar kuɗi daga mai karatu, wadda abokin aikinsa na ƙauye ba zai iya buɗewa ba, ko wadda kowa ke karantawa kyauta a intanet amma marubuci ne ke biya. Mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya a 2021. Manyan mujallun likitanci da yawa dala 2,000 ne zuwa 3,000 ko fiye. A 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, dala 3,000 ta kama naira miliyan 4.5, wato albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 na sama da shekara 5. Gaskiya ne wasu mujallun suna yafewa ko su rage wa marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2002 yana sauƙaƙa karatu. Amma alfarma ce, yau a yi gobe a fasa, kuma ba a gina ilimin al'umma a kan alfarma.

Daga nan ne mujallun bogi suka sami ƙofa. Ka tura musu maƙala yau, jibi su ce an karɓa, ka biya 'yan daloli, ba wanda ya karanta balle ya tantance. Malamin jami'a yana neman ƙarin girma, hukumar jami'a kuma yawan maƙalu take ƙirgawa, sai ya bi hanya mai sauƙi. Shi ya sa za ka ga an raba wa ɗalibai takardar tambayoyi a kan me suka sani game da cuta kaza, an buga, an sake yi a wata makarantar, an sake bugawa, babu majinyaci ɗaya da ya sami sauƙi. Wannan ba Bature ya yi mana ba. Da za a ce wa mai neman zama farfesa ya kawo ayyukansa 5 da suka fi, ya nuna abin da kowannensu ya sauya a asibiti ko a gari, da rabin wannan ɓarnar ta tsaya.

Akwai kuma maganar suna. Wani nazari da mujallar BMJ Global Health ta buga a 2019 ya duba maƙalu sama da 7,000 da aka rubuta a kan lafiya a Afirka kudu da Sahara, ya tarar fiye da kashi 13 cikin 100 babu sunan ko mutum ɗaya na ƙasar da aka yi binciken a cikinta. Na san su waye waɗannan da ba a ambata ba. Su ne masu shiga ƙauye a kan babur, masu ɗibar jini, masu fassara tambaya zuwa Hausa da Fulatanci da Tangale, masu lallashin maigida ya bar matarsa ta amsa. Suna a kan maƙala ba ado ba ne. Da shi ake samun tallafi na gaba, kuma mai tallafi shi ke zaɓar tambaya ta gaba.

Muna da mujallunmu. Annals of African Medicine a Sakkwato take, kuma dandalin African Journals Online, wanda aka fara a 1998, yana ɗauke da mujallun Afirka sama da 500, na Najeriya sun fi na kowace ƙasa yawa a ciki. Masu gudanar da su galibi malamai ne da ke yin aikin da daddare bayan sun gama duba marasa lafiya. Maimakon a riƙa biya wa mutum ɗaya miliyoyi ya buga a waje, a ɗauki kuɗin a ba mujallu kaɗan nagari, a biya editoci da masu gyaran rubutu da masanan lissafi, marubuci kada ya biya, mai karatu kada ya biya. Brazil ta kafa dandalin SciELO da kuɗin hukuma tun ƙarshen shekarun 1990, ya ɗaga darajar mujallun yankinsu. Ba cewa nake a daina bugawa a waje ba. Aikin Kaltungo a mujallar duniya ya fito, kuma hakan ya sa aka saurare shi. Tantancewa mai tsanani ma alheri ce, in an dawo wa mutum da aikinsa don lissafinsa bai yi ba, gyara aka yi masa. Amma jami'ar da ke ba maƙalar waje maki fiye da ta gida, kome amfanin ta gidan, ita ke koya wa malamanta su yi tambayar da za ta burge edita a Landan.

Ko an buga ɗin ma, da wane harshe? Likitan Katsina da Ingilishi yake karatu, na Maraɗi da Faransanci, alhali mutane ɗaya suke dubawa, masu cin tuwo ɗaya da wankan jego ɗaya, kuma majinyacin da Hausa yake faɗa musu inda ke masa ciwo. Ina ganin kwamitocin da ke ba da izinin bincike su sa sharaɗi: duk wanda ya ɗebi jini ko bayani a gari, sai ya koma garin ya faɗi abin da ya gano, a ƙofar fadar dagaci ko a gidan rediyo, ya kuma bar shafi ɗaya da Hausa ko harshen wurin a asibitin da ya yi aiki. Wanda bai koma ba kada a ba shi izini na gaba. A shekaruna na ɗakin kati, mutum ɗaya ce ta taɓa dawowa, wata likitar yara, ta tara mu a ƙarƙashin darbejiya ta gaya mana abin da ta samu. Har yau nas-nas ɗin suna ambatonta.

Baƙin dutsen nan da aka manna wa ɗan yayana, an gwada shi a ɗakin gwaji, an ga ba ya zuƙe dafin da zai hana shi aiki, an buga tun 2007. Ɗaure damtse tamau da tsaga da reza kuwa an daɗe da sanin ƙara ɓarna suke yi, musamman ga dafin da ke hana jini daskarewa. Na zauna da yayana bayan sallar isha'i na gaya masa duk wannan, na ce lokacin da aka ɓata a kan dutsen shi ya kusa kashe yaron. Ya shiga ɗaki ya ɗauko dutsen a ƙulle cikin tsumma, wanda ya saya da tsada a kasuwa yake ajiye da shi domin iyalinsa. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Sannan ya ce, "To, ƙanena, su da suka sani tun tuni, me ya hana su gaya mana?"